Ina aji biyu a jami'a amma ji nake kamar ba abin da nake tsinanawa

Admin don Allah a ɓoye sunana. Salam ƴan uwa, ni mace ce ina aji biyu ina karanta kemistiri, sakamakona ba laifi ko karyoba (kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita) ɗaya ban da ita, amma wallahi rayuwar daga lakca sai hostel sai waya, in kwanta in ta jan TikTok har data ta ƙare gobe ma haka. Ƴan ɗakinmu kowa da abin da ta sa gaba, wata turaren wuta take saidawa wata kullum tana mitin, ni kuwa zuciyata fayau. Siyasar ɗalibai kam ba na so. Me zan shiga in ji ina da amfani ba tare da GP ɗina, wato matsakaicin makina, ya faɗi ba?

Ɗan Samaru: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ke da kike da kan karatu ai abinki na hannunki, ki nemi masu shirya tutoriyal na MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko ƙungiyar ɗaliban jiharku ki ce za ki ɗauki ƴan aji ɗaya. Ni a ABU na yi haka, ranar Asabar da safe, makar allo ma da kuɗina nake saya. Akwai wani yaro da lissafin mole, ma'aunin yawan sinadari a kemistiri, ya hana shi barci, kullum yana kujerar baya ya haɗe rai kamar an masa mutuwa, ranar da abin ya shiga kansa tsaye ya miƙe yana cewa ashe dama shi ke nan?? Har yau in na tuna sai na yi dariya. Kuma ke ma karatun ƙara zama zai yi, wanda ya koyar da abu ba ya manta shi a jarabawa.

Anti Nas: Ki duba ko akwai Red Cross a makarantarku, za su koya miki taimakon gaggawa, yadda ake tsayar da jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma. Hostel ɗin mata kullum sai an samu mai faɗuwa lokacin jarabawa, mutane su taru suna yayyafa ruwa ba wanda ya san me zai yi. Sannan 14 ga Yuni ranar masu ba da jini ce ta duniya, ki je a gwada ki in jininki ya isa.

Baban Ikram: Ni dai ban yarda da yawan ƙungiyoyin nan ba gaskiya, iyayenki karatu suka turo ki. Na ga yara sun shiga wannan sun shiga wancan an wayi gari suna maimaita aji. In dole ne ki koyi sana'a, lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022 da aka yi wata takwas a gida waɗanda suka iya ɗinki ko kwamfuta su ne ba su shiga damuwa ba.

Ɗan Samaru: Baba ai ba cewa aka yi ta kwashe duka ba, ɗaya tak, awa biyu a sati. Awa nawa take ba TikTok yanzu?

Ƴar Sabon Gari: Wayar ma ba sai kin jefar ba sis, akwai Wikipedia ta Hausa, kowa na iya buɗe akawun ya rubuta, kuma bangaren kimiyya na bukatar hannu sosai. In kina son harkar kasuwanci da taimakon al'umma kuma ki tambayi Enactus, ƙungiyar ɗalibai ce mai wannan harkar.

Admin: Mai tambaya ta ce ta gode, tutoriyal ɗin ya kwanta mata amma kunyar tsayawa gaban mutane take ji, muryarta rawa take.

Anti Nas: Haba ƴata wa ya ce sai a babban ɗakin lakca? Ki samu yara biyu a blok ɗinku ku baje tabarma bayan isha'i da tsoffin takardun jarabawa, in sun gane su da kansu za su jawo miki wasu.