Modem yana buga lamba amma yana yankewa da NO CARRIER

Assalamu alaikum. Ina da modem (na'urar da ke aika bayanan kwamfuta ta layin tarho) na waje, wato ba na cikin kwamfuta ba, irin na V.90, na jona shi da kwamfuta ta tashar COM1, ina tura masa umarnin Hayes, wato umarnin da ke farawa da AT, ta manhajar PuTTY. So nake ya kira wata tsohuwar na'ura a reshenmu, wadda ba ta jin komai sai kiran modem.

In na rubuta AT yana ba ni OK, ATZ da AT&F ma haka, don haka kebul da tasha lafiya lau suke. Da farko ATDT, umarnin buga lamba, na dawo min da NO DIALTONE, wato bai ji sautin layi ba. Da na sa ATX3 ya daina jiran sautin layi, ya buga lambar. Na'urar can ɗin tana ɗauka, ina jin ƙarar gaisuwar modem biyun ta lasifika, ta yi ta maimaita kanta, sai NO CARRIER, wato ba su haɗu ba. CONNECT kuwa ko da wasa bai fito ba.

Na ƙara lokacin jira da ATS7=90, banza. Na rage gudu zuwa 9600 da AT+MS, sau tari ma nan take yake yankewa. Na canza wayar tarho, na kuma gwada wani modem ɗin, duk ɗaya.

Abin da nake zargi: layin ba na tagulla ba ne, daga bayan rauta (na'urar rarraba intanet) yake fitowa, wato murya ce ta intanet, kuma saitinsa G.729 ne, mai matse sauti.

Don Allah, akwai jerin umarnin AT da zai sa su haɗu a kan irin wannan layi ba tare da an mayar da saitinsa G.711, wanda ba ya matse sauti sosai, ba? Na gode.