Ƙaramin soja a fagen daga: jarumta ce ko jagoranci?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana game da las kofur Joshua Leakey na rundunar sojan laima ta Birtaniya, wanda aka ba lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya, a 2015 saboda abin da ya yi a lardin Helmand na Afghanistan ranar 22 ga Agusta, 2013. An ce da aka harbi wani kyaftin ɗin sojan Amurka, shi ne ya gangaro daga kan tudu cikin ruwan harsasai ya ɗaure masa rauni, ya shirya yadda za a fitar da shi, sannan ya sake haurawa ya tayar da bindigogi masu jigida da wutar 'yan Taliban ta sa suka yi shiru. Ta yaya mai igiya ɗaya zai karɓi ragama alhali akwai manyansa a wurin?

Ɗalibin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tana cikin tsarin rundunar. Ƙaramin rukunin sojan ƙasa na Birtaniya mutum takwas ne galibi, kofur ne shugabansu, las kofur kuma mataimakinsa, kuma idan aka raba rukunin biyu shi yake riƙe da rabi. Saboda haka ba da umarni aikinsa ne tun farko. A ranar kuwa an tsare manyan a gangaren tudu, na'urorin sadarwarsu sun daina aiki, shi kuma daga inda yake yana ganin abin da ba sa gani. Wanda ya ga hanya shi ke da alhakin motsawa, ko da shi ne autan kwamandojin.

Malama Mai Sharhi:
Na yarda da bayanin ɗan'uwa, amma a ganina bai kamata a ta'allaƙa komai ga igiya ba. Johnson Beharry, wanda shi ma aka ba wannan lamba, farabiti ne kawai a lokacin, haifaffen Grenada, direban motar sulke ƙirar Warrior a garin Al Amarah na Iraƙi. Ranar 1 ga Mayu, 2004 aka yi musu kwanton ɓauna, kwamandansa ya ji rauni, madubin hangensa ya lalace, sai ya buɗe murfin motar ya leƙo da kai waje yana tuƙi har ya fitar da ita, sauran motocin suna biye da shi. Bai ba kowa umarni ba, amma ayarin ya tsira ne domin ya samu wanda zai bi. A watan Yuni kuma, bayan roka ta yi masa mummunan rauni a ka, ya ja motar baya kafin ya suma.

Ɗalibin Tarihi:
Gaskiya ne, Malama. Abin lura shi ne, tun da Sarauniya Biktoriya ta kafa wannan lamba a 1856 ba a ware ta ga hafsoshi ba. Lambobin da ke ƙasa da ita ne aka bambanta: Military Cross ta hafsoshi da manyan sajoji masu waranti, Military Medal ta ƙananan sojoji, har zuwa 1993 da aka soke bambancin.

Mai Nazari:
Na gode ƙwarai. Abin da ya rage mini shi ne yadda ake tantance irin wannan aiki, tunda shaidun su ma suna cikin wutar a lokacin.