Addu'ar godiyar kaka domin ƙasar Malumfashi da Kafur: yaya ake sa tarihi a ciki?

Sakataren Matasa:

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Ikilisiyoyin ƙauyukanmu za su yi sujadar haɗin gwiwa ta godiyar kaka a watan Nuwamba, an kuma ce a shirya addu'a guda domin ƙasar baki ɗaya, wadda za ta taɓo tarihin wurin. Minti 15 aka ware. Me ake sawa, me ake bari, wa ya kamata ya yi ta? Abin da ake gudu shi ne ta zama lacca, ko ta sosa wa maƙwabta rai.

Dattijon Ikilisiya:

Ɗana, ka fara da Nehemiya sura 9 da Maimaitawar Shari'a 26:5-10. A wuri na biyun, manomi ne ya kawo nunan fari a kwando, ya faɗi tarihin kakanninsa cikin 'yan jimloli, ya ajiye kwandon. Ma'auninka ke nan. Kowane abin tarihi jimla ɗaya, kuma da Allah ake maganar. Muddin ka ji kanka kana cewa "kamar yadda muka sani", to ka juya wa Ubangiji baya kana yi wa jama'a bayani.

Saura mako 3, a je wurin tsofaffi biyu a kowace ikilisiya, namiji da mace, a tambaye su daban-daban. Wa ya fara kawo bishara ƙauyen, daga ina ya fito? A ina aka fara sujada, gindin itace ne ko zauren wani? Su wa aka fara yi wa baftisma, a wane rafi? Wace shekara ce ta fi tsanani? A gwada da littafin baftisma in yana nan. Abin da baki biyu suka haɗu a kai shi ake ɗauka. Inda suka saɓa a kan shekara, a bar shekarar a ce "a zamanin iyayenmu", domin kuskuren shekara ɗaya ya isa ya sa tsoho ya bar addu'a ya koma lissafi a zuci.

Akwai abubuwan da ba gardama a kansu. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Dikko, 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, suka kuma zauna a Malumfashi da Matazu. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Amma kada sunayen Turawa su cinye wurin. Masu bisharar da suka taka da ƙafa ko suka hau keke zuwa gidajen gona, suka koya wa mutane karatu a allo da fitilar aci-balbal, su ne ikilisiyoyinku suka sani.

Rabon lokaci: yabo minti 2, godiya bisa tarihi minti 4, furta zunubi minti 2, roƙo minti 6, a rufe da Addu'ar Ubangiji.

Mama Zumunta:

Baba ya yi magana. Ƙari na a kan sunaye ne, nan ake yawan tuntuɓe. Kada a ba mace takardar da ke ɗauke da sunan mijinta, ko surukinta, ko ɗanta na fari. Kunya za ta sa ta tsallake, a ga kamar an manta da mutumin. A duba jerin tare da mai karantawa kafin ranar. A kuma kira kowa da sunan da aka san shi, domin akwai tsohon da jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kaɗai ake kira, kowace ikilisiya mutum 3, kuma a samu mace a ciki. Da an fara kiran masu rai, gobe wani zai zo da ƙorafin an bar mahaifinsa.

Wajen roƙo, a kira abin da ke gonakinmu. Mu nan dawa ce da masara da auduga da waken suya da barkono, ruwa kan sauka tun Mayu. Mai shirya irin wannan a ƙasar Daura sai ya sa gero da wake da riɗi, domin damina can gajera ce. A ambaci wuta-wuta, da tsutsar masara, da tsadar taki, da manomin da bashi ke sa shi sayar da hatsi da kaka ya dawo ya saya da tsada da bazara. Tarihi na shiga nan da kansa:

"Ya Ubangiji, kai ka rayar da iyayenmu a farin 1973 lokacin da rumbuna suka koma wayam, kai ka buɗe musu wata hanya da cuta ta kashe gyaɗa a 1975. Ka dubi rumbunanmu na bana."

Bayan kowane roƙo jama'a su amsa da abu guda gajere, kamar "Ya Ubangiji, ka ji roƙonmu". Ba tare da amshi ba, kafin minti 5 yara sun fara tsere, masu goyo sun fita.

Katikis:

Mama, sannu da ƙoƙari. Zan ƙara cewa a rubuta addu'ar. Na san da yawa sun fi son ta fito daga zuci, amma wadda ke ɗauke da sunaye da shekaru, in ba a rubuce take ba, sai ta zarce lokaci, ko zafin rai ya sa a faɗi abin da ba a shirya ba. Shafi biyu sun isa. Tunda haɗin gwiwa ne, kowace ɗarika ta ji nata: Angilikan sun sami dayosis ta Katsina a 1990, Katolika a 2023, kuma bishop na farko na dayosis ɗin Katolikan, Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi ne.

Batun tsaro shi ne mai nauyi. Kada a faɗi sunan wanda ke hannun 'yan bindiga, ko gidan da ke tara kuɗin fansa, ko ƙauyen da ya biya kafin a bar shi ya yi girbi. Lasifika na kai magana har bakin hanya, ba a san kunnen da ke saurare ba. A ce "'yan'uwanmu da ke daji". Kada kuma a kira sunan ƙabila. A roƙa wa makiyayin da aka kore wa shanu kamar yadda ake roƙa wa manomin da ya bar gonarsa. Abin da duniya ta riga ta sani ana iya faɗinsa: ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka ɗauke a Disamba 2020 sun dawo cikin mako guda, wannan abin godiya ne na kowa, Kirista da Musulmi.

Shugabanni a bi 1 Timoti 2:1-2, a kira sarauta: Sarkin Katsina, Galadima, dagatai, masu unguwa, shugaban ƙaramar hukuma. Ba jam'iyya, ba habaici. Irmiya 29:7 ta ce a nemi lafiyar garin da ake zaune, saboda haka kasuwa da asibiti da rijiyar da kowa ke sha duk su shiga.

Sakataren Matasa:

Na gode iyaye. Wasu na so a sa "karya la'anar kakanni" wajen furta zunubi. A sa?

Dattijon Ikilisiya:

Ɗana, ban ba da shawarar haka ba. Yawancin masu zama a bencin nan 'ya'ya ne da jikokin Maguzawa, wasu har yanzu suna da kawu ko gwaggo a kan al'adar gargajiya, a gida ɗaya. In aka tsaya gaban taro ana kiran kakanni la'anannu, an rufe ƙofar gidan ga mai bishara. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. A gode wa Allah domin noma da riƙon amana da karɓar baƙo da aka gada, sa'an nan a furta namu na yau: rikicin iyakar gona tsakanin 'yan'uwa, cin gadon gwauruwa, burkutu, cire yarinya daga makaranta, tauye mudu, gaba tsakanin ɗariku. A faɗe su da "mun yi", kowanne a yi shiru kamar daƙiƙa 10.

Masu karantawa su zama huɗu: dattijo ya ɗauki godiya, fasto furta zunubi, mace daga Zumuntar Mata roƙon gona da gida, matashi roƙon tsaro da makaranta. Su gwada sau ɗaya ranar Asabar da agogo a hannu. In ta wuce minti 13 a gwaji, a rage, domin ranar taro amshin jama'a zai ci sauran.