Umarnin reg add yana haɗiye /f a cikin fayil ɗin bat

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana a kan wani fayil ɗin bat (fayil mai ɗauke da jerin umarni) da na rubuta domin adana hanyar babban fayil a rajistar Windows (ma'ajiyar saitunanta), ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE, da umarnin reg add wanda ya ƙare da /d "%~dp0" /f. A nan /d ne ke ba da ƙimar da za a adana, %~dp0 kuma shi ne hanyar babban fayil ɗin da fayil ɗin bat yake ciki. Ko da na buɗe cmd (tagar rubuta umarni) da ikon mai gudanarwa, umarnin yakan tsaya yana tambaya ko a maye gurbin tsohuwar ƙimar, alhali aikin /f ke nan ya hana wannan tambayar. Da na duba regedit (manhajar duba rajista) kuwa, sai na tarar da alamar zance da /f sun shige cikin ƙimar kanta. Ina zargin alamar \ da %~dp0 ke ƙarewa da ita, domin hanyar da ba ta ƙare da ita ba tana shiga daidai. Ninka alamar \ ya fi dacewa, ko a datse ta tun farko?