Neman kalma: me za mu kira mai buga ƙwallo da ƙafa a ƙwallon Amurka? Shirina gobe ne

Ɗan Wasanni: Assalamu alaikum malamaina. Gobe Asabar da ƙarfe 10 na safe nake da shirin wasanni, kuma dole in miƙa rubutun yau kafin isha'i. An ba ni minti 7 kan Adam Vinatieri, wanda ya yi kaka 24 a gasar NFL ta Amurka, daga 1996 zuwa 2019, ya tara maki 2,673, babu wanda ya kai shi a tarihin gasar. Matsalata sunan aikinsa. Turawa na ce masa kicker. Ba ya gudu da ƙwallo, ba ya jifa, yana zaune a gefen fili sai an kira shi ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin ƙarfuna biyu. Kalmar za ta fito a bakina fiye da sau goma. Na rubuta "kika" na goge. A taimaka.

Hajiya Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Gara da ka goge, ƙanena. Ka ce "Vinatieri kika ne" a rediyo, mai sauraro zai tsaya yana jiran aikatau, kika yi me? A takarda ma babu alamar karin sauti da za ta raba su. Ni dai zan ce "mai bugu", in wuce.

Abban Sadiq: Mai bugu kaɗai ya yi faɗi, Hajiya. A Kano ka ce mai bugu, shadda za a kawo maka. Mabugi ma haka, mabuga suna nan da sana'arsu. Me zai hana "mai bugun tazara"? Kunnen masu sauraron ƙwallo ya riga ya saba da bugun tazara da bugun kusurwa.

Ɗan Zariya a Indiana: Ina zaune a garin da ya ƙare wasansa, don a Indianapolis Colts ya buga daga 2006, bari in sa baki. Kafin a raɗa suna a sani cewa mutum biyu ne ke amfani da ƙafa a kowace ƙungiya. Na farko yana sakin ƙwallon daga hannunsa ya dake ta sama, ta tafi can nesa, don a kora abokan karawa baya. Wannan ba ya cin maki ko ɗaya. Na biyun shi ne namu. Wani zai wurgo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, wani da ke durƙushe ya cafe ya kafa ta a ƙasa, shi kuma ya tako ya buga, duka cikin ƙasa da sakan 2, ga ƙartai na rugowa su tare. In ta bi ta saman sandar da ke gicciye, wadda tsayinta ƙafa 10 ne daga ƙasa, ta ratsa tsakanin ƙarfunan, maki 3 ke nan. In kuma bayan ƙungiyarsa ta kai ƙwallo gidan abokan karawa ne ta ci 6, bugunsa ƙarin maki 1 ne. To bugun tazara zai fi kama da na farkon. Duk sunan da za a ba shi ya kamata ya raba su.

Malamin Nahawu: Ku yi haƙuri, amma duk kuna zagaye ne alhali kalmar na gabanku. Aikatau ɗin da Bahaushe ke da shi na duka da ƙafa shi ne shura. Daga ƙera muka sami maƙeri, daga saƙa masaƙi, daga ɗinka maɗinki. Daga shura sai mashuri. Mace mashuriya, jam'i mashura. Gaɓa uku, kalma ɗaya, babu "mai" babu "ɗan". Shekara 30 ina koyar da wannan tsari a aji, harshen ya ba mu ma'aunin ƙira amma mun fi son mu jera kalmomi huɗu kamar masu ba da kwatance. Buga ba ta nuna ƙafa. Ana buga waya, ana buga jarida, ana buga ƙofa. Shura ce kawai ke cewa ƙafa. Yaro, rubuta mashuri.

Ɗan Wasanni: Na gode Baba Malam. Na karanta da ƙarfi yanzu: "mashahurin mashuri Adam Vinatieri". Harshena ya sarƙe sau biyu. Ina tsoron mai sauraro ya ɗauka mashahuri nake son faɗa na haɗiye gaɓa.

Malamin Nahawu: Wannan ai ado ne. Mashahurin mashuri, ko mawaƙi zai so ya samu irinta. Ka maimaita sau biyar harshenka zai saba.

Hajiya Mai Fassara: Malam, ƙirar daidai take, babu mai ja da kai a nan. Ma'anar ce ba ta zauna min ba. Shuri a kunnena abin fushi ne ko raini, yaro ya shuri ƙwarya, mai barci ya shuri na kusa da shi. Babu auna wuri a cikinsa. Wannan mutumin kuwa duk sana'arsa saiti ce. Kuma jam'in, mashura, zai kai hankali ga majalisar shura ko ga wanda ya yi shura. In dai sai an ƙera da ma-, maharbi ya fi kusa, don shi ne ke auna abu daga nesa.

Malamin Nahawu: Maharbi yana da baka da kwari, Hajiya, kada mu ƙwace masa suna. Kuma harbi da ƙafa na jaki ne da doki.

Ɗan Zariya a Indiana: Maganar Hajiya ta saiti ita ce gaskiyar aikin. A Janairun 2002, yana New England Patriots, suna wasan fitar da gwani da Oakland Raiders, dusar ƙanƙara na zuba har layukan fili sun ɓace. Ana cin su 13 da 10, saura ƙasa da rabin minti. Ya buga daga yadi 45, wajen mita 41, ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa cikin farin dusar ta tsallake sandar da ƙyar. Aka yi kunnen doki, a ƙarin lokaci ya sake bugawa suka ci 16 da 13. Mako biyu bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu a New Orleans, wasan ƙarshe na Super Bowl da St. Louis Rams, ana 17 da 17, ya buga daga yadi 48 daidai lokacin da agogo ya ƙare. Kofin farko ke nan a tarihin Patriots. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2004 da Carolina Panthers. A wasan ya ɓarar da ɗaya, an tare masa ɗaya, amma da ya rage sakan kaɗan aka sake tura shi, ya ci daga yadi 41, aka tashi 32 da 29. Mutumin da ya kuskure sau biyu a gaban duniya ya dawo ƙafarsa ba ta rawa. Wannan ba shuri ba ne, Malam, da girmamawa.

Abban Sadiq: To ai ga suna nan ya fito da kansa: mai raba gardama.

Hajiya Mai Fassara: Kirari ne wannan, kuma ya dace da shi, a sa a buɗe shirin. Amma ba zai zama sunan gurbi ba, don wanda ya ɓarar ma gurbinsa ke nan.

Ɗan Tawa: Ni abin da ka ba ni mamaki, duk sanda munka zo nan sai a yanke magana da kunnen Kano. Abban Sadiq ya ce a Kano mai bugu na shadda ne, shi ke nan an kashe kalma. Shirin nan ana jin shi a ƙetaren iyaka ko ba a ji? Ku kunka ari fenareti da kofi da gola daga Ingilishi, an ce Hausa ce. Mu munka ce balo, an ce mun gurɓata harshe da Faransanci. In aro halal ne a bar yaro ya ce kika, in haram ne a fara da fenareti.

Malamin Nahawu: Ni ban taɓa cewa fenareti ba, bugun daga kai sai mai tsaron gida nake cewa. Kuma daidaitacciyar Hausa ba mulkin mallakar Kano ba ce, yarjejeniya ce ta rubutu don ɗan Tawa ya karanta ɗan Bauci. Abin da ke damuna shi ne kunya. Mun iya ƙera zari-ruga don wasan da Turawa ke kira rugby, kalmar da ko yaro ya ji ya ga wasan a idonsa. Magabatanmu sun ga abin hawa a sama suka ce jirgin sama. Mu kuma jikokinsu kalma mai gaɓa uku ta gagare mu, muna jira wata tashar ƙetare ta fara faɗa kafin mu yarda Hausa ce.

Ɗan Tawa: Wa ya zauna wurin yarjejeniyar, ranka ya daɗe? Har gobe mu muna rubuta wasu haruffa daban da ku, kuma ba mu rasa gane juna ba.

Abban Sadiq: Malam ya kawo zari-ruga, to shi kansa wasan fa? Ni ina ganin zari-rugar Amurka ya fi ƙwallon ƙafar Amurka gaskiya. Wasan da kusan kowa ke riƙe ƙwallo da hannu, a ce masa ƙwallon ƙafa?

Ɗan Zariya a Indiana: Kada a haɗa su, Yaya, wasanni biyu ne. A zari-ruga ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, a na Amurka kuwa jifan gaba shi ne ƙashin bayan wasan. Amma tambayarka ta taɓo wani abu. A can ma masu wannan gurbi suna fama da raini, ana ganin ba cikakkun 'yan wasa ba ne tunda ba su shiga turmutsutsu. Shi kansa Vinatieri babu ƙungiyar da ta zaɓe shi da ya gama jami'ar jihar Dakota ta Kudu, sai da ya je Amsterdam ya buga wa Admirals kafin Patriots su ɗauke shi. A shekararsa ta farko ya bi Herschel Walker na Dallas Cowboys da gudu ya kayar da shi, daga nan abokan wasansa suka fara kallonsa da mutunci. Shi ya sa ba na son sunan da zai ƙara ƙasƙantar da su. Su da masu dukan ƙwallo sama don kora abokan karawa baya ne kaɗai ma ke taɓa ƙwallon da ƙafa.

Malamin Nahawu: To ka ba ni hujja da bakinka. Su kaɗai ke amfani da ƙafa, sunansu ya ƙunshi ƙafa. Mashuri.

Ɗan Wasanni: Iyayena, an kira magariba a nan kuma ban rubuta sakin layi na biyu ba. Don Allah a ajiye maganar Kano da Tawa zuwa jibi, ni ma ina da abin faɗa a kai. Yanzu kalma ɗaya nake roƙo.

Hajiya Mai Fassara: Ga abin da zan yi in ni ce. A ambato na farko ka yi bayani cikin jimla guda: ɗan wasan da aikinsa shi ne buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin ƙarfuna don cin maki. Daga nan ka riƙa cewa "mai bugun maki". Bugu ya zauna da bugun kusurwa da bugun tazara da kunne ya sani, maki kuma ya raba shi da ɗayan, wanda za ka iya kira mai bugun kora in ya taso. Yadi ka bar shi yadi, duk wanda ya taɓa sayen atamfa ya san tsawonsa.

Ɗan Zariya a Indiana: Na yarda, da gyara ɗaya. Yawanci mai wannan gurbi ne kuma ke bugun buɗe wasa, wanda babu maki a cikinsa, don haka sunan bai rufe aikin duka ba. Amma don labarin Vinatieri ya isa, maki ne tarihinsa. Kada ka manta kofi huɗu ne, uku da Patriots, ɗaya da Colts a 2007, kuma yana da shekara 46 ya buga wasansa na ƙarshe.

Ɗan Tawa: Mai bugun maki za a gane shi a wajenmu. Ban janye maganata ba dai, jibi ina nan.

Malamin Nahawu: Kalma uku a inda ɗaya ta wadatar. Wannan kwatance ne, ba suna ba, kuma Ɗan Zariya ya amsa cewa bai rufe aikin ba. Ba zan hana ka ba tunda lokaci ya ƙure maka. Amma ina roƙon abu ɗaya, ka faɗi mashuri ko sau ɗaya ne a shirin, ka ce wasu malamai haka suke kiransa, mu ga wadda masu sauraro za su riƙe. Ni a ajina ita zan koyar ranar Litinin.

Ɗan Wasanni: Na sa mai bugun maki a ko'ina, na buɗe da mai raba gardama. Mashuri na saka ta sau ɗaya a kusa da ƙarshe, Baba Malam, in edita bai cire ba za ka ji ta. Na tura. Saura sunan wanda ke durƙusawa ya kafa ƙwallon, na rubuta "mai riƙewa" don sauri, ban gamsu da ita ba.

Malamin Nahawu: Mariƙi.