Neman Bayani Kan Kuɗin Magudana a Takardar Kuɗin Ruwa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san yadda ake lissafin kuɗin magudanar ƙazanta da ke zuwa cikin takardar kuɗin ruwa, domin lamarin ya ɗaure mini kai.

Takardar tawa tana da layi biyu, na ruwan famfo da na magudana, kuma na biyun yakan zarce na farkon. Da na bi ba'asi, sai aka ce mini babu mita a bututun da ke fitar da ƙazanta, saboda haka abin da mitar ruwa ta nuna shi ake ɗauka ya koma magudana, sannan a ɗora wani tsayayyen kuɗi wanda ba ya sauyawa ko da gidan a kulle yake. A ganina akwai ƙwara a nan, domin ruwan da nake ba shukokin da ke bayan gidana ƙasa ce ke shanye shi. Bugu da ƙari, wani bututu ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, ban ankara ba sai da na rufe dukkan famfuna na ga allurar mitar tana ci gaba da juyawa, kuma an caje ni kuɗin magudana kan wannan ruwan ma.

Shin kafa mita ta biyu domin ban ruwa kaɗai yakan mayar da kuɗin da aka kashe, ko kuwa wahalar banza ce? Sannan rasidin mai gyaran famfo ya isa hujja wajen neman ragi kan ruwan da ya tsiyaye? Na gode.