Jiki, tsiraici da kunya: abin da 'yan'uwa Katolika na Yamai suka faɗa

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga muhawarar da Katolika na Yamai suka yi kan jiki, tsiraici da kunya.

1. Kowa ya yarda jiki ba ƙazanta ba ne, Allah ya halicce shi da kyau. An kawo Farawa 2:25: Adamu da Hawa'u tsirara suke, ba sa jin kunya. Sai bayan zunubi suka ɗinka ganyen ɓaure (Farawa 3:7).

2. Masu karatu sun tuna mana Paparoma Yohana Bulus na biyu ya yi jawabai 129 kan wannan, ranakun Laraba, daga 1979 zuwa 1984.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce kunya tabon zunubi ce kawai. Wasu, kuma da su nake, sun ce garkuwa ce: yarinyar da ta gyara zanenta don wani ya ƙura mata ido a tasha mutuncinta take karewa.

4. Iyaye mata sun dage: a koya wa yaro sunan gaɓoɓinsa tun ana masa wanka, don ya iya kai ƙara in an taɓa shi. Wasu dattawa sun ce wannan ya yi wuri.

5. Maza su kula da idanunsu (Matiyu 5:28), kada a ɗora wa mata nauyin duka.